Daga Zariya Zuwa Tudun Rairayi: Wa Ya San Hanya?

Abban Sultan (Hanwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san arewa. Shekara biyu ke nan da na sayi Hilux, amma sau ɗaya tak na taɓa sa mata ogzilare, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, shi ma da damina ne a hanyar gonarmu ta bayan Shika. Raina yana son ganin hamada ido da ido, tudun rairayin nan da muke gani a hotuna, in hau shi da mota. Mu huɗu ne, motocinmu biyu. Shin akwai inda mutum zai tashi daga Zariya bayan sallar asuba, ya shiga rairayi na gaske, ya dawo ya kwana a ɗakinsa? Sannan yaya ake gane hanya a inda kwalta ta ƙare?

Ɗan Bade (Kongo):
Wa alaikumus salam Yaya. Ni haifaffen Gashuwa ne, karatu ne ya kawo ni nan. Abin da kake nema yana ƙasarmu, a ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Can ne Tulo-Tulo da Bulatura suke. Tuddai ne na rairayi zalla, ka hau ɗaya ka hango wani, a tsakaninsu kuma sai ka iske kwari mai ruwa da dabino da goruba, mutane na haƙar kanwa. Amma batun zuwa da dawowa a yini guda, cire shi a ranka. Daga nan zuwa Kano kaɗai wajen kilomita 140 ne. Daga Kano ka bi ta Gumel, Malam Madori, Birniwa, ka faɗa Nguru, sannan Gashuwa. Idan na tashi daga Kwangila da safe, ba na shiga gida sai la'asar ta yi sanyi. Can za ku kwana, washegari ku nufi Yusufari. Kwana uku ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi.

Nura (Tudun Wada):
Tafiyar tana da nisa kam, amma gane hanya ba wani abu ba ne yanzu. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida, ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka ga sawun motoci ɓaro-ɓaro, ka yi wa mahaɗa alama. GPS ba ya buƙatar sabis, ko babu layi zai nuna maka inda kake. Ni da haka na zaga ƙauyukan Soba da Kubau ban tambayi kowa ba.

Baba Direba (Sabon Gari):
Nura ɗana, Soba ƙasa ce mai tauri, hanyar da kakanka ya bi ita za ka bi. Rairayi tafiya yake yi. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauko kanwa da busasshen kifi daga wannan yanki, kuma ban taɓa komawa na iske sawun da na bari ba. Iskar hunturu ta dare ɗaya ta isa ta shafe shi. Hoton da ke cikin wayarka yaushe aka ɗauke shi? Wataƙila bara, wataƙila bara waccan. Zai gaya maka inda kake tsaye, na yarda. Ba zai gaya maka cewa taku goma a gabanka akwai lallausan yashi da zai haɗiye taya har wili ba. Mutumin gari yana kallon launin ƙasa da irin ciyawar da ta fito a kai ya ce maka bi dama. Fatake ma da suka fi mu sanin daji ba sa tashi sai da jagaba a gaban ayari.

Nura (Tudun Wada):
Allah ya ja kwana Baba, ban musa ba. Amma shi ma ja-gora ai mutum ne, yana iya ɓata. In ya ɓata fa?

Malama Hajara (Samaru):
Shi ya sa ake haɗa biyun, Nura. Na yi aikin bincike kan zaizayar ƙasa a wajen Yusufari, zuwa uku. Abin da muke yi shi ne mu kunna na'ura ta riƙa zana duk inda muka bi, saboda in wani abu ya faru mu iya komawa ta sawunmu. Amma zaɓen inda taya za ta taka, wannan aikin ɗan gari ne, kuma ko sau ɗaya ba mu yi masa gardama ba.

Bari in ƙara wa Abban Sultan bayani kan wurin. Bulatura tana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Sassa uku gare shi: Chingurmi-Duguma a Borno, da dausayin Bade da Nguru, sai kwarurrukan Bulatura. Don haka akwai ma'aikatan gandu, ku neme su kafin ku shiga. Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa farkon Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu kada ku kuskura, zafin ya wuce abin da jikin mutumin Zariya ya saba. Ko a hunturun ma ku lura da ranar hazo, don idan ƙura ta sauko ba ka bambance sama da ƙasa, tudu da kwari duk su zama fari ɗaya.

Wani abu da ya kamata direba ya sani: iskar rani daga arewa maso gabas take busowa. Gefen tudun da take bugawa yakan kwanta a hankali kuma ya fi tauri. Ɗaya gefen da rairayin ke zubewa shi ne mai gangara da laushi. Mutum zai hau ta gefe mai sauƙi da gudu, ya kai ƙololuwa, sai ya ga babu ƙasa a gabansa. Duk tudun da ba ka ga bayansa ba, ka sauka ka taka da ƙafa tukuna.

Usman (Gyallesu):
Ban so yin magana ba, amma tunda Nura ya kawo batun waya, zan faɗi abin da ya same mu, ko wani zai tsira da shi.

Shekara uku da suka wuce, a watan Janairu, muka je ɗaurin auren abokin aikinmu a Gashuwa. Washegari mu uku muka ce bari mu leƙa rairayi kafin mu juyo. Mota ɗaya, ruwa leda ɗaya da rabi, ba shebur. A tashar Yusufari wani dattijo ya ce mu ɗauki yaronsa ya raka mu, ya faɗi kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, muka ga kamar ciniki yake nema da mu, muka ce mun gode. Muka bi sawun wata Land Cruiser ta haya da ta tashi gabanmu. Wajen awa guda lafiya lau. Sai sawun ya rabu uku a gindin wata aduwa. Waya ta nuna garin da muke nema yana gabas, muka ɗauki na gabas.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara nishi. Na ƙara mata wuta, ta ƙara nutsewa. Na sa ribas, ta zauna a kan cikinta, tayoyi huɗu suna juyawa suna watsa yashi. Ƙaurin kuloci ya cika motar. Lokacin sha biyu ta wuce. Muka durƙusa muna haƙa da hannu da murfin kula, rairayin yana ƙona tafin hannu, duk abin da ka kwashe rabinsa ya koma. Ƙarangiya ta cika mana wando da safa. Zuwa ƙarfe uku ruwanmu saura guda huɗu, ɗayanmu mai ciwon suga ne, na ga leɓɓansa sun bushe sun yi fari, maganarsa ta fara sarƙewa. Wallahi a wannan lokacin 'ya'yana kawai nake tunawa.

Allah ya kawo wani makiyayi da raƙumi, Bamange, wato ɗan ƙabilar Manga, Hausarsa kaɗan ce. Bai ce mana komai ba sai da ya sauke salka ya ba mara lafiyar ruwa, kaɗan-kaɗan, yana hana shi kwankwaɗa. Sannan ya zagaya motar, ya tsuguna ya karya tsinke, ya danna bakin tayar da kansa iska ta fara fita. Ni ban san ana yin haka ba. Ya tafi ya dawo da samari biyu da ɗaurin kaba, suka shimfiɗa a gaban tayoyi, suka ce in tashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta fita a karo na biyu. Ashe sawun da muka bi na amalanken shanu ne mai zuwa wata tsohuwar rijiya da rairayi ya binne. Hanyar garin tana yamma, tana zagaye tudun ne kafin ta juyo gabas. Mun ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, da ƙyar ya amshi sukari da ganyen shayin da ke motar. Har yau ina jin nauyin dattijon tashar nan da muka yi wa mummunan zato.

Nura (Tudun Wada):
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Malam Usman. Na karɓi gyara.

Oga Sani Makanike (Ƙofar Doka):
Usman, kulocin nan ni na canza maka shi, na tuna yadda ya ƙone. Abban Sultan, ga abin da zan ce ta fannina. Kafin ka shiga yashi ka rage iskar taya. In gejin iska yana nuna 35 a kwalta, mayar da ita 18, in wurin ya yi laushi sosai 15. Tayar za ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi. Amma da ta yi laushi haka ban da gudu, ban da karya kwana da ƙarfi, in ba haka ba za ta fita daga wili. Kuma dole ka sayi ƙaramin kwamfireso mai aiki da batir da geji naka na kanka, don da ka dawo kwalta sai ka mayar da iskar, kuma babu mai faci a can. Ka sa ogzilare tun kafin ka kafe, ba bayan ka kafe ba. A giyar ogzilaren, 4H (mai gudu) ta isa yawancin wuri, 4L (mai ƙarfi, mai tafiya a hankali) ta hawa ce da fita daga rami. Da ka ji mota ta daina ci gaba, ɗauke ƙafarka nan take. Duk wutar da ka ƙara kabarinta kake haƙawa. Birki ma ba a taka shi da ƙarfi, ka bari yashi ya tsayar da kai.

Safaya biyu, don ƙayar aduwa ba ta da tausayi. Shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak da faffaɗan katako da za ka ɗora shi a kai, fanbel, ruwan lagireto. Matatar iska ka kakkaɓe ta kowace yamma. Mai kuwa ka lissafa ninki biyu na abin da ka saba, yashi yana shan mai. Ka kawo min motocin biyu mako guda kafin tafiya in duba ƙafafunsu.

Maman Ilham (Wusasa):
Ni fa duk wannan lissafi bai kwantar min da hankali ba. Abban Sultan ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Hajiya ba ta san da wannan shiri ba. Yobe fa ake magana. Ba a manta harin da 'yan ta'adda suka kai Gaidam a 2021 ba, kuma Gaidam ba ta da nisa da Yusufari. Na biyu, abin yana min wani iri. Rairayin nan shi ne yake cinye gonakin mutane yana binne musu gidaje da rijiyoyi. Su suna kuka da shi, ku kuma ku kwaso motoci daga Zariya ku je ku ɗauki hoto a kansa?

Abban Sultan (Hanwa):
Yaya, wallahi ba zan taka ko'ina ba sai Hajiya ta sa albarka. Maganarki ta biyu kuma ta tsaya min a rai, ban yi tunaninta ba.

Ɗan Bade (Kongo):
Anti, gaskiya kika faɗa ta fuska biyu, bari in amsa a matsayina na ɗan yankin. Batun tsaro ba abin da za a yanke a nan zaure ba ne, don yana canzawa. Ana tambaya ne a makon tafiya, daga bakin mutanen Gashuwa da direbobin tashar Yusufari da jami'an tsaron da ke wurin. In suka ce a dakata, a dakata. Ba tafiyar dare, ba ratsawa gabas wajen Gaidam da Kanamma, ba kusantar iyaka. Idan aka isa gari a fara zuwa wajen Bulama ko Lawan, wato mai garin, a gaishe shi, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Baƙuwar mota mai duhun gilashi da ta shigo ƙauye ba sallama tsoro take ba mutane, kuma suna da dalilinsu.

Batun kallo kuwa, mu ba ma ƙin baƙo. Abin da ke mana ciwo shi ne wanda zai zo ya yi wasa da mota a kan tudun da aka sha wahala aka kafa masa shinge aka dasa itatuwa don ya tsaya. Ciyawar da kake gani jefi-jefi ita ce ke riƙe da rairayin, taya ta tumɓuke ta, iska ta samu ƙofa. Haka kuma kada a tsayar da mota a kan busasshiyar ciyawa, salansa mai zafi tana tada gobara, abincin dabbobin gari guda ya ƙone. Amma wanda ya zo ya ɗauki ɗan gari ya biya shi da kyau, ya sayi dabino da tabarmar kaba a hannun masu yi, ya koma Zariya ya ba da labarin yadda hamada ke cin ƙasarmu, wannan ya taimake mu. Mutane da yawa a nan in ka ce musu akwai irin wannan wuri a Najeriya ba sa yarda.

Malama Hajara (Samaru):
Ƙwarai kuwa. Yobe na cikin jihohi 11 na arewa da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Duk inda kuka ga layin shuke-shuke ko shingen kara a jikin tudu, aikin wani ne, ku zagaye. Kuma ban da ɗaukar hoton mata a bakin rijiya ba da izini ba.

Alhaji Bature (PZ):
Ni a ganina in za a yi, a yi mai dalili. Me zai hana ku wuce Agadas gaba ɗaya? Can ne hamada take.

Baba Direba (Sabon Gari):
Alhaji, ranka ya daɗe, Agadas na san ta. Ta Daura ake fita, a shiga Damagaram, a bi ta Tanut, sama da kilomita 400 daga Damagaram kafin ka hango hasumiyar masallacin nan na ƙasa mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa a 1515. Gari ne da Hausa za ta kai ka ko'ina a cikinsa. Daga can gabas sai Tenere, hanyar ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma. A nan ne itaciyar nan guda ɗaya tal take, wadda ayari ke yin alama da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Amma wannan ba wurin koyo ba ne. Manyan direbobin can ma a ayari suke tafiya da rakiyar soja. A 2013 motoci biyu suka lalace da matafiya a arewa da Arlit, aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ce ta kashe su. Ga shi tun juyin mulkin Yulin 2023 sha'anin iyaka da takardu ya ƙara tsauri. Yaro ya fara da rarrafe tukuna.

Abin da zan ƙara a kan na Sani: ruwa lita 6 ga kowane mutum a yini, ban da jarka guda da ba a taɓa ta sai ta ɓaci. Ku shiga rairayi da sassafe lokacin da sanyin dare bai sake shi ba, ya fi tauri, ku fito kafin azahar. Mota biyu kada su bi juna kurkusa, in ta gaba ta kafe ta baya ta samu wurin tsayawa a kan tauri. Saukowa daga tudu a miƙe ake yi, kai ƙasa, ba a ratsa shi a karkace, nan ne mota ke kifewa. In kuma Allah ya kawo tsautsayi, kowa ya zauna a inuwar mota, kada a bazu neman gari da ƙafa. Ku bar wa wani a Gashuwa sunan inda za ku da lokacin da za ku dawo.

Abban Sultan (Hanwa):
Na gode Baba. To na yini guda fa, babu ko ɗaya?

Malama Hajara (Samaru):
Akwai, sai dai ba tudun rairayi ba. Idan ƙamshin hamada kake so, ka je kasuwar Maigatari a Jigawa ranar Alhamis. Bakin iyaka ce, za ka ga raƙuma da shanu da Buzaye da rawunansu, ƙasar ma jigawa ce. Wanda ya tashi da asuba zai iya dawowa, amma zai gaji. In kuma kun je Yobe, ku ware safiya guda ku shiga Dagona wajen Gashuwa, lokacin hunturu tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna sauka a dausayin. Ruwa da kwalekwale a nan, rairayi a can, tazararsu ba yawa.

Oga Sani Makanike (Ƙofar Doka):
Koyon ma ai ba sai an je nesa ba. Idan ruwan Galma ya ja da rani akwai filin yashi inda 'yan tifa ke lodi. Mu je can ku kafe da gangan, ku haƙa, ku rage iska, ku ja juna da igiya, har hannunku ya saba. Sai dai a nemi izinin masu wurin, kuma a kiyaye gonakin tumatir da albasa na 'yan noman rani. Duwatsu da hawa kuma ga hanyoyin gindin Kufena nan a bayan gidansu Maman Ilham.

Maman Ilham (Wusasa):
Na Galma na yarda. Na Yobe kuwa sharaɗina biyu: Ɗan Bade ya kasance cikin motar, kuma ni zan kai maganar wajen Hajiya, ba kai ba.

Ɗan Bade (Kongo):
Na amince Anti. Muna gama jarrabawa a tsakiyar Disamba. Kawuna yana jan Land Cruiser tsakanin Yusufari da ƙauyukan arewa ranar kasuwa, zan kira shi yau da daddare in ji halin da hanya take ciki da abin da zai karɓa. Yaya Abban Sultan, kuɗin da ya faɗa kada a yi masa ciniki, yinin aikinsa zai bari dominmu.

Usman (Gyallesu):
In da wuri ku sa da ni. Ina so in nemi dattijon tashar nan in gaishe shi, in kuma Allah ya sa makiyayin yana kusa, akwai buhun sukari da na daɗe da niyyar kai masa.

Abban Sultan (Hanwa):
Akwai wuri Malam Usman. Oga Sani, Asabar mai zuwa ƙarfe bakwai mu haɗu a garejinka mu wuce Galma. Kwamfireson a Sabon Gari zan samu ko sai na aika Kano?

Oga Sani Makanike (Ƙofar Doka):
Akwai a Sabon Gari. Ka nemi mai maƙalawa a kan batir kai tsaye, ba mai shiga ramin caji ba, wancan yana ƙona fis kafin ka cika taya biyu. Shebur kowa ya zo da nasa.